Zomo biyu, suna ɗaya: daga dajin Kance zuwa akurkin Matamaye

Bahaushe kalma ɗaya gare shi ga dabbobi biyu waɗanda Bafaranshe ya raba da suna biyu, lièvre da lapin. Duka zomo muke ce musu. Amma wanda ke kwance cikin akurki a bayan ɗaki a Matamaye yana tauna harawa, ba jikan wanda kakanninmu suka yi ta kora da karnuka da sanduna a dajin Kance ba ne. Baƙo ne, kuma daga nesa ya fito.

Bari mu fara da ɗan gida. Zomon daji dogayen ƙafafun baya gare shi, ba ya gina rami, sai dai ya lafe a gindin sabara ko cikin ciyawa. Macen takan yi kamar kwana 42 da ciki, ta haifi ƴaƴa da gashinsu, idanunsu a buɗe. Ba ya karɓar kiwo, duk yaron da ya taɓa tsintar ɗansa a gona ya kawo gida ya san haka. Shi ne zomon karin maganarmu. Idan aka ce zomo ba ya kamuwa daga zaune, ko aka ce ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa, maganar farautar rani ake yi, lokacin da samarin ƙauyuka ke haɗuwa bayan girbi su bazu cikin daji. Namansa kuwa halal ne a mazhabobi huɗu, domin ya zo a hadisin Anas ɗan Malik cewa sun kama zomo a Marruz Zahran, Abu Ɗalha ya yanka, aka aika wa Manzon Allah (SAW) da wani sashe ya karɓa.

Shi kuwa zomon gida asalinsa ƙasar Andalus ne, wato Sipaniya da Fotugal na yau, da kudancin Faransa. Mai gina rami ne, mai zama cikin jama'a. Tun ƙarni na farko kafin haihuwar Annabi Isa, marubucin Rum mai suna Varro ya yi bayanin shingayen da ake tsare zomaye a ciki. An daɗe ana koyar da cewa wai Paparoma Giregori ne a wajen shekara ta 600 ya halatta wa limaman kirista cin jariran zomo lokacin azuminsu, wai daga nan kiwon ya samo tushe. A 2018 masu bincike na jami'ar Oxford suka bi sawun labarin, suka tarar ba shi da madogara. Sannu a hankali dabbar ta saba da hannun mutum, cikin ɗaruruwan shekaru.

Abin da ya sa aka riƙe ta shi ne yawan haihuwa. Kwana 30 ko 31 ne cikinta, ta zubo biyar, shida, har takwas, tsirara, makafi, sai bayan kamar kwana 10 su buɗe ido. Wannan albarka takan zama masifa inda ba mai tsare ta: a 1859 wani Bature, Thomas Austin, ya saki zomaye 24 a gonarsa ta Ostareliya don ya riƙa farauta, kafin 1950 sun cinye makiyayar ƙasar har sai da gwamnati ta sakar musu cuta da gangan.

Turawan mulki da ƴan mishan ne suka shigo da ita Afirka ta Yamma, ta daɗe tana zaune a gidajensu kawai. Yunwa ce ta fito da ita fili. A 1972 gwamnatin Acheampong ta Gana ta kafa shirin kiwon zomo na ƙasa a ƙarƙashin yekuwar ciyar da kai, da kiran kowane gida ya ajiye akurki. A Najeriya cibiyar binciken dabbobi ta Shika, kusa da Zariya, ta sa zomo cikin ayyukanta. Matamaye kuwa gari ne da ke kan hanyar Daura da Kano, kuma abin da ya shiga kasuwannin can ba ya jimawa bai ƙetaro iyaka ba.

Ƙasar ma ta karɓe shi. Yankin Kance na cikin wuraren da jama'a ta fi cunkushewa a Nijar, gonaki sun haɗe da juna, makiyaya ta ƙuntata, fari na 1973 da na 1984 kuma sun nuna yadda garke ke ƙarewa cikin shekara guda. Zomo ba ya neman makiyaya. Harawar gyaɗa da ta wake, dusa, ganyen dankali da ragowar salati daga lambunan Korama sun ishe shi. Saboda haka ya zama dabbar mata da yara. A Ingila, tun ƙarni na 19, ana kiwonsa don ado har ana gasar nuna shi. A nan kuwa matsayinsa ya fi kusa da na tantabara. Yaro ya sa masa suna, ya yi masa ciyawa da yamma, ya hana ƙannensa taɓa shi, amma in salla ta matso, ko aka buƙaci littafin lakwal, kasuwa za a kai shi. A ganina wannan bai rage ƙaunar da komi ba, kuma ita ce dukiyar farko da yara da yawa ke koyon riƙon amana a kanta.

Sai dai har yau jikinsa na ƙasar sanyi ne. Ba ya gumi yadda mutum ke yi, ta kunnuwansa yake fitar da zafi, kuma da zarar zafi ya wuce digiri 30 ya fara wahala, alhali a watannin Afrilu da Mayu ƙasar Damagaram takan haura 40. Akurkin kwano a rana kabari ne gare shi. Inuwa yake so, da iska, da rufin zana ko ɗakin ƙasa. Maganar da ake yi cewa zomo ba ya shan ruwa ta kashe zomaye masu yawa. Yana sha, balle mai shayarwa. Ɗaga shi ta kunne ma, wanda muka gada daga mafarauta masu rataye gawa, cutarwa ce ga mai rai: a tallafi ƙirji da gindi. Haƙoransa ba sa daina tsawo, don haka dole ya samu busasshiyar harawa kullum. Ga kyanwa da ɓera masu cin jarirai, ga ƙazuwar kunne. Mafi muni ita ce cutar zubar jini ta zomaye, wadda aka fara gani a ƙasar Sin a 1984, ta ɓulla a Najeriya a 2020, takan share akurki cikin kwana biyu. Sabon zomo daga kasuwa a ware shi mako biyu kafin a haɗa shi da na gida.

Yayin da baƙon ke ƙaruwa, ɗan gida yana ja da baya, tun da dajin da yake lafewa ya koma gona. Wannan ya shafi malamai kai tsaye. Littafin Leuk-le-lièvre da Senghor da Abdoulaye Sadji suka fitar a 1953 don ƴan lakwal, zomon daji ne gwarzonsa, kamar na karin maganarmu. Amma a yau in an ce wa ɗalibin gari ya zana zomo, sau da yawa fari zai zano, mai jan ido, mai kumatu. Wannan irin ana kiransa New Zealand, ko da yake a Amurka aka samar da shi a farkon ƙarni na 20, kuma da hannu ɗaya ake kama shi, daga zaune.