Kofin Sudirman: Gasar da Ta Haɗa Maza da Mata a Tawaga Ɗaya

Tun kafin 1989 wasan badminton, wanda ake buga ƙwallon gashin tsuntsu ta saman raga, yana da manyan gasannin duniya biyu tsakanin tawagogin ƙasashe, wato Kofin Thomas na maza da aka fara a 1948 da Kofin Uber na mata da ya biyo baya a 1956, amma babu gasar duniya da take auna ƙarfin ƙasa gaba ɗaya, mazanta da matanta a tawaga guda. Wannan gurbi Kofin Sudirman ya cike. An raɗa masa sunan Dick Sudirman, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa hukumar badminton ta Indonesiya a 1951, wanda ya rasu a 1986, kuma ya cancanci karramawar, domin yana cikin waɗanda suka sasanta rikicin da ya raba wasan gida biyu, har aka haɗe hukumomin duniya biyu masu gaba da juna a 1981, lamarin da ya buɗe wa ƙasar Sin ƙofar manyan gasanni.

Kowace karawa tana da wasa biyar: namiji da namiji, mace da mace, maza bibbiyu, mata bibbiyu, sai na gauraye, inda namiji da mace suke tsayawa gefe ɗaya. Hikimar tsarin ita ce gwarzo ɗaya, komai bajintarsa, ba ya iya ɗaukar ƙasarsa shi kaɗai, kuma ƙasar da ta yi sakaci da horar da mata ba ta kai labari.

An fara gasar a Jakarta a 1989, kuma wasan ƙarshe na wannan shekara har yau ana tuna shi, saboda Koriya ta Kudu ta ci wasa biyu na farko, saura ƙiris ta ɗauki kofin, sai Susi Susanti ta Indonesiya, wadda shekarunta 18 a lokacin, ta farfaɗo ta doke Lee Young-suk, daga bisani Indonesiya ta yi nasara da ci 3 da 2. Tun daga nan kofin bai sake komawa ƙasar da ta haife shi ba. Koriya ta Kudu ta ɗauke shi a 1991 da 1993 da 2003 da 2017, sauran kuwa duk Sin ce ta lashe, tun daga nasararta ta farko a Lausanne a 1995 har zuwa ta 14 a Xiamen a 2025.