Kinabalu: Ƙololuwar Low da Low Bai Taka Ba

Mazaunin Sentul a Kuala Lumpur da ke sha'awar hawan dutse, jirgin ƙasa zai kai shi kogunan Batu Caves cikin 'yan mintoci, ya hau matakala 272. Amma dutse mafi tsawo a Malesiya sai an tsallake teku zuwa jihar Sabah, a tsibirin Borneo. Can Kinabalu yake, tsayinsa mita 4,095. Chappal Waddi na Taraba, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Najeriya, mita 2,419 ne.

Gindin Kinabalu kurmi ne mai yawan ruwan sama, samansa kuwa fako ne na dutse zalla, wanda ƙanƙara ta kankare shi dubban shekaru da suka wuce. Mutanen Kadazan-Dusun da ke zaune kewaye da shi sun ɗauke shi matattarar ruhin kakanninsu, shi ya sa a al'adarsu akan yanka fararen kaji bakwai don neman izinin hawa.

A 1851 Hugh Low, jami'in mulkin mallakar Ingila a Labuan, ya hau tare da 'yan jagora na Dusun. Ya kai saman fakon, amma bai taka wuri mafi tsawo ba. Sai a 1888 John Whitehead, mai binciken tsuntsaye, ya kai can. Duk da haka sunan Low aka laƙaba wa ƙololuwar. Su kuwa masu nuna hanya da 'yan dakon da suka ɗauki kayan, littattafai ba su cika damuwa da sunayensu ba.

Yau kwana biyu ake yi ana hawan dutsen. Ana tashi daga ƙofar Timpohon, a kwana a masaukin Laban Rata, a sake kama hanya tsakar dare ana riƙe da igiya, don fitowar rana ta tarar da mutum a sama. UNESCO ta sanya gandun dajin da dutsen yake ciki a jerin wuraren tarihi na duniya a 2000.

Ranar 5 ga Yuni 2015 girgizar ƙasa ta sako manyan duwatsu kan masu hawa. Mutum 18 suka rasu, cikinsu har da 'yan firamare daga Singafo da 'yan jagora huɗu na Sabah. Hanya ta toshe, hazo ya hana jirgi mai saukar ungulu sauka, sai 'yan jagoran da suka tsira suka fitar da wata hanya, suka sauko da mutum fiye da ɗari.