Tarihin Riƙe Sabar Imel a Gida

A farkon imel, kowace ma'aikata ita ke riƙe da wasiƙunta. A 1971 Ray Tomlinson na kamfanin BBN da ke Amurka ya aika saƙo daga wata kwamfuta zuwa wata a kan hanyar sadarwa ta ARPANET, ya sa alamar @ tsakanin sunan mutum da sunan na'ura. Abin da ke bayan alamar sunan wata kwamfuta ce takamaimai da ke wani ɗaki na jami'a ko cibiyar bincike, da mai kula da ita. A 1982 Jon Postel ya rubuta ƙa'idar SMTP, wadda har gobe da ita ake miƙa saƙo daga saba zuwa saba.

Manhajar da ta ci zamaninta ita ce Sendmail ta Eric Allman, wadda ta fito daga Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 1983. Tana kai saƙo ta kowace hanya da ake da ita a lokacin, amma fayil ɗin saitinta, sendmail.cf, ya yi ƙaurin suna: layi bayan layi na alamar dala da haruffa ɗai-ɗai, ko gwani sai ya yi gumi. Babban aibinta shi ne dunƙulalliya ce mai cikakken iko a kan na'ura, saboda haka kafa ɗaya ta ishi mai kutse ya mallake komai. A Nuwamban 1988 tsutsar Morris, wata manhajar kutse mai yaɗa kanta, ta bi ta wata ƙofar gwaji da aka bari buɗe a Sendmail, da wasu kafofin, ta durƙusar da dubban kwamfutoci.

Neman tsaro da sauƙin saiti ne ya haifi manhajojin da ake zaɓe a cikinsu yau. Philip Hazel ya fara Exim a Jami'ar Kambrij ta Ingila a 1995. A daidai lokacin Daniel Bernstein ya rubuta qmail, ya rarraba aikin ga ƙananan manhajoji da ba su amince wa juna ba: mai karɓa daban, mai jera saƙo daban, mai aikawa daban. Har ya sa ladar dala 500 a 1997 ga duk wanda ya gano ɓaraka a cikinta. Shi ne kuma ya kawo tsarin Maildir, inda kowane saƙo ke zaune a fayil nasa, ta yadda ɗaukewar wuta ba za ta lalata akwatin baki ɗaya ba. Wietse Venema na kamfanin IBM ya bi wannan tafarki na rarraba aiki, ya saki Postfix a Disamban 1998, da saiti da mutum zai iya karantawa ya gane. Wannan sauƙin ya sa ta zama abin da masu ƙaramar saba da yawa ke fara ɗauka, kuma ta cancanci hakan. Dovecot, ta Timo Sirainen ɗan Finland, ta zo a 2002 ta ɗauki ɓangaren buɗe akwati daga waya ko kwamfuta ta hanyar IMAP.

Ana cikin haka sai jama'a suka yi ƙaura zuwa Hotmail, wanda ya fara a 1996, da Gmail a 2004. Tarkacen saƙonnin talla da na damfara kuma suka kashe tsohuwar al'adar da kowace saba ke miƙa wa kowa saƙo kyauta. Aka fara tattara sunayen adireshin da ake zargi, irin aikin da Spamhaus ke yi tun 1998, aka ƙirƙiro SPF da DKIM, sannan DMARC a 2012, duk don a tabbatar saƙo daga inda ya ce ya fito, can ya fito.

A 2012 ɗin ne Raspberry Pi ta shigo kasuwa a dala 35, kwamfuta a kan allo ɗaya da bai wuce tafin hannu ba. Postfix da Dovecot ba su da nauyi, suna zama a kanta lafiya lau. Masu tace ƙwayoyin cuta irin ClamAV ne ke cinye ƙwaƙwalwa, shi ya sa haɗaɗɗun fakiti irin Mailcow suka fi ƙarfin ƙaramar na'ura. Ko yankewar wuta ba ta cika jawo asara ba, domin saba mai aikawa takan yi ta sake gwadawa har kwana huɗu zuwa biyar.

Wahalar ta koma wajen aikawa. Kamfanonin intanet da dama suna toshe tasha ta 25, wadda SMTP ke bi ta cikinta, ga layukan gida, adireshin gida yakan canza, kuma manyan masu karɓa suna kallon sa da zargi tun kafin su buɗe saƙon. Abin takaici ne, domin an gina imel ne a kan cewa kowa na iya kafa tasa. Masu riƙe da al'adar yau sukan karɓi saƙo su ajiye a na'urar gida, su kuma tura masu fita ta wata sabar haya da ke da tsayayyen adireshi da suna mai kyau.