Haƙoran roba: yadda ake auna su, da yadda ake zama da su lafiya

A zangunanmu na Kudu, daga Agege zuwa Sabon Ibadan har Ama Hausa ta Owerri, da an ce wane ya sa haƙori, hankalin mutane kan haƙorin Makka yake tafiya. Shi kuwa ado ne, yawanci ma rufa shi ake yi a kan haƙori mai lafiya. Wanda zan yi bayani a kai daban ne: haƙoran roba da ake cirewa a mayar, waɗanda ake yi wa mai giɓi don ya samu abin tauna abinci, maganarsa ta fita sosai. Masu buƙatarsu suna da yawa a cikinmu, kuma ba tsofaffi kaɗai ba. Akwai ɗan acaɓan da ya faɗi haƙoran gaba suka zube, akwai mai ciwon suga da dasashi ya saki, akwai wanda ciwon haƙori ya dama har aka yi ta cire masa ɗaya bayan ɗaya.

Abin da nake so a fara riƙewa shi ne, haƙoran roba ɗinkin tela ne. Bakin mutum ake aunawa a yi masa nasa shi kaɗai. Kuma bakin nan ba ya tsayawa yadda aka auna shi, canzawa yake yi. Kusan duk wata matsala da za ka ji masu haƙoran roba na kuka da ita, daga nan ta samo asali.

Me ya sa ba a barin giɓi haka nan?

Baligi yana da haƙora 32. Idan aka cire ɗaya aka bar gurbin, maƙwabtansa sukan fara karkatowa cikin ramin, wanda ke fuskantarsa daga sama ko ƙasa kuma ya riƙa zazzagowa tunda ba abin da ke tokare shi. Ƙashin muƙamuƙin da ke riƙe da saiwar shi ma sai ya fara zaizayewa, domin aikinsa ya ƙare. Zaizayar ta fi sauri a watanni uku zuwa shida na farko, daga nan ta lafa, amma ba ta dainawa har ƙarshen rayuwa. Shi ya sa za ka ga dattijon da ya daɗe ba haƙora kumatunsa sun loɓa, haɓa ta matso kusa da hanci. Ga kuma abinci: nama ya gagara, gyaɗa ta gagara, sai koko da burodi jiƙaƙƙe, jiki ya yi ta ramewa ana cewa tsufa ne.

Ire-irensu

Wanda haƙoransa suka ƙare kaf a sama ko a ƙasa, cikakken jeri ake yi masa, yawanci 14 a sama 14 a ƙasa. Na sama yakan zauna da kyau, saboda yana da faɗin ganɗa da zai manne a jiki da taimakon yawu. Na ƙasa shi ne mai rigima. Wurin zamansa siriri ne, harshe na ture shi, kuma ƙashin ƙasa ya fi na sama saurin zaizayewa nesa ba kusa ba. Duk wanda za a yi wa na ƙasa, gara ya san wannan tun farko, kada ya ɗauka cutarsa aka yi.

Wanda yake da sauran haƙora kuwa, na cike giɓi ake yi masa, kuma kashi uku ne. Akwai na roba zalla mai ƙarfi, kalar dasashi, wanda aka fi yi a asibitocinmu saboda shi ne mai sauƙin kuɗi, yana gyaruwa idan ya karye, ana kuma iya ƙara masa haƙori idan wani ya sake fita. Irin wannan robar tun ƙarshen shekarun 1930 ake aiki da ita. Akwai mai ƙashin bayan ƙarfe, siriri, mai ƙugiyoyi da ke kama haƙoran da suka rage. Ya fi tsada, amma ya fi riƙo, ya fi ƙarko, kuma bai cika danne dasashi ba. Sai na roba mai lanƙwasuwa, wanda matasa ke so don ba a ganin ƙarfe a baki. Kyau kam yana da shi, sai dai idan ya saki ko ya tsage gyaransa da wuya. Ni dai a ganina, mai hali wanda sauran haƙoransa ke da ƙarfi, ya nemi mai ƙarfen.

Akwai kuma dashen haƙori, inda ake kafa ƙusa a cikin ƙashi a ɗora haƙori a kai. Wannan wani babi ne, kuɗinsa ma wani babi ne. Abin da kawai zan ambata shi ne, ƙusa biyu a muƙamuƙin ƙasa kan riƙe cikakken jeri gam, ga wanda na ƙasa ya hana shi sakat.

Yadda aikin ke tafiya

Ba aikin yini ɗaya ba ne. Cikakken jeri kan ci zuwa huɗu ko biyar, tsakani da kwanaki. A zuwan farko likita zai duba bakin gaba ɗaya, wataƙila a ɗauki hoto, a cire ruɓaɓɓen da ba zai gyaru ba, a cike mai rami, a kankare dattin da ya daskare a gindin haƙora. Ba a gini a kan dasashi mai ciwo. Mai ciwon suga ko hawan jini, da mai shan maganin tsinka jini, ya faɗa tun kafin a taɓa shi.

Daga nan sai awo. Za a kwaɓa wani gari da ake samowa daga ciyawar teku, ya yi kamar kullu, a zuba a ɗan faranti mai siffar kofaton doki, a danna a baki na ɗan mintoci har ya kama. Wasu yakan taso musu da zuciya. Dabarar ita ce ka sunkuyar da kai gaba kaɗan, ka yi numfashi ta hanci. A cikin wannan zubin ake zuba filasta a fitar da bakinka sak, sannan sau da yawa a ƙera faranti daidai kai a sake awo na biyu wanda ya fi na farko daidaito. Sai a gwada cizo da kaki, don a san tsayin da ya dace tsakanin muƙamuƙin sama da na ƙasa, a zaɓi kala da girman haƙoran.

Zuwan da na fi so mutane su ba muhimmanci shi ne na gwaji, lokacin da haƙoran ke jere a kan kaki ba a gasa roba ba tukuna. A nan ne kake da ta cewa. Ka karɓi madubi, ka yi murmushi, ka yi magana, ka ƙirga daga ɗaya zuwa ashirin da ƙarfi. In da hali ka je da uwargida ko babban ɗanka, wanda ya san fuskarka, ko tsohon hotonka da haƙora ke ciki. Mutanenmu na da kunya, sai a ce "ya yi?" su ce "ya yi, likita", alhali ransu bai kwanta ba. To, da zarar an gasa, canji ya zama sabon aiki. Wani abu kuma: kada ka nace sai fari tas kamar alli. Dattijo ɗan shekara 65 da ya ci goro rabin rayuwarsa, in ya sa irin wannan a tsakiyar nasa, daga bakin layi za a gane.

Wanda aka cire wa haƙora kwanan nan yana da zaɓi biyu. Ko ya jira wata biyu zuwa uku dasashi ya warke kafin awo, ko a auna shi tun kafin cirewa a sa masa ranar da aka cire, don kada ya fita kasuwa da giɓi. Na biyun yana rufa asiri, amma ka sani zai yi sako-sako cikin 'yan watanni, dole a koma a yi masa ciko ta ciki ko a sake sabo. Ga fatake da direbobinmu masu zirga-zirga tsakanin Kudu da gida, shawarata kada a fara wannan aiki ana saura mako ɗaya tafiyar Sallah. Inda aka yi maka, nan ya fi dacewa ka koma gyara.

Ina za a je?

Manyan asibitocin koyarwa duk suna da sashen haƙori: LUTH da ke Idi-Araba, maƙwabcin unguwar Hausawa, da LASUTH a Ikeja, da UCH a Ibadan, da na Ile-Ife, Benin, Inugu da Fatakwal. Manyan asibitocin jihohi da yawa ma suna yi. Akwai layi, akwai jira, amma kuɗin ya fi na asibitin kuɗi sauƙi. Aikin na mutum biyu ne: likitan haƙori, mai rajista da hukumar MDCN, shi ke duba baki ya yi awo, sai ma'aikacin ɗakin ƙira ya ƙera. Su ma maƙeran suna da tasu hukumar rajista, kuma Inugu ta daɗe da makarantar tarayya da ke koyar da wannan sana'a a Trans-Ekulu. Kafin a fara, ka tambayi kuɗin duka, ka kuma tambaya ko gyaran bayan an sa yana ciki.

Masu yawo da jaka a tasha da kasuwa, waɗanda ke kwaɓa roba su liƙa maka haƙori nan take a jikin maƙwabtansa, wallahi araharsu tsada ce. Abin ba ya ciruwa balle a wanke ƙarƙashinsa, abinci na taruwa, dasashi ya kumbura, haƙoran da aka jingina da su su ruɓe. Giɓi ɗaya ya koma uku.

Makonnin farko

Za ka ji kamar an cusa maka wani abu a baki, yawu ya yi yawa, wasu haruffa su riƙa fita da shewa. Wannan duk yana wucewa. Ka riƙa karatu da ƙarfi a ɗaka, harshe zai saba. A fara da abinci mai laushi, tuwo, amala, ƙwai, kifi marar ƙaya, loma ƙanana, ana taunawa ta ɓangare biyu lokaci guda don kada abin ya ɗaga ta gefe. Gaskiyar da ba a cika faɗa ba ita ce, cikakken jeri ba ya ba da ko rabin ƙarfin cizon haƙoran asali. Tsire sai an yayyanka, kilishi sai a hankali, rake da ƙashi kuwa a haƙura.

Inda ya goge ka har ya yi gyambo, ka koma a rage wurin. Ka sa shi na wasu awanni kafin ka shiga wurin likita, don ya ga daidai inda yake ci. Kada ka ɗauki reza ko fayil ka kankare da kanka.

Wanki da ajiya

Bayan kowane cin abinci a cire a ɗauraye. Sau ɗaya a rana aƙalla a wanke shi ciki da waje da buroshi mai laushi da sabulun ruwa. Man goge baki yana da ɗan tsakuwa-tsakuwa da ke karce roba, datti ya samu maɓoya, don haka a bar shi wa haƙoran asali. A yi wankin a kan roba mai ruwa ko tawul, domin faɗuwa ɗaya a kan siminti ta isa ta raba shi biyu. Ruwan zafi yana lanƙwasa shi. Bilic irin su Hypo yana cin ƙarfe, yana kuma koɗar da kalar robar. Jan goro da shayi da taba suna kama shi, kuma maganin wannan shi ne ƙwayoyin jiƙa haƙoran roba da ake sayarwa a manyan kemis, a bi abin da aka rubuta a kwalin, a ɗauraye sosai kafin a mayar baki. Asuwaki na nan da amfaninsa ga haƙoran da suka rage, musamman waɗanda ƙugiya ke kamawa, su ne suka fi saurin ruɓewa. Dasashi da harshe da ganɗa su ma a goge su.

Da dare a cire, a sa a kofi mai murfi da ruwa mai tsabta. Na san wasu na jin nauyin iyali su gan su ba haƙora, amma dasashi na buƙatar hutu. Kwana da su na jawo jan ganɗa, wanda ƙwayar cutar nan mai sa farin baki ga jarirai ke haddasawa, kuma sau da yawa ba ya zafi balle mutum ya lura. Wani bincike da aka buga a 2015 kan tsofaffi 'yan shekara 85 zuwa sama a Japan ya gano masu kwana da haƙoran roba sun ninka sauran shiga haɗarin ciwon namoniya.

Idan ya fara rawa

Nan ne maganar ta fi nauyi. Ɗan ƙaramin haƙorin roba na gaba, mai haƙori ɗaya ko biyu ba ƙugiya, shi ne aka fi sawa a ƙasar nan, shi ne kuma aka fi haɗiyewa. Likitocin kunne da hanci da maƙogwaro a UCH da wasu asibitocin Najeriya sun sha rubuta rahoto kan mutanen da aka kawo ya maƙale musu a hanyar abinci, wasu wajen haɗiyar magani da ruwa, wasu wajen cin abinci, wasu cikin barci. Matsalar ita ce robar ba ta cika fitowa a hoton ƙashi ba, sai a ce ba a ga komai ba alhali yana nan, gefensa mai kaifi yana iya huda hanyar. Wanda haƙorinsa ya ɓace a baki, ya ji zafi a wuya ko haɗiya ta gagara, kada a ba shi lomar eba ko ayaba wai ta tura. A wuce asibiti nan take, a gaya musu ƙarara cewa haƙorin roba ne. Mai farfaɗiya ya gaya wa likita tun wajen awo, kuma duk wanda za a shiga da shi tiyata ya cire nasa.

Saboda haka sako-sako ba abin da za a saba da shi ba ne. Man liƙa haƙori na kemis yana taimakawa in ɗan kaɗan ne, amma in ka ga kullum sai ka ƙara yawansa, to dasashi ne ya janye, ciko ake bukata. Wanda ya karye a tattara gutsattsarin a kai gyara, kada a sa masa sufa gulu, domin in ya kama a karkace ya lalace ke nan. Ko ba abin da ke damunka, ka je a duba sau ɗaya a shekara, kuma yawanci tsakanin shekara 5 zuwa 10 akan buƙaci sabo. Gyambon da ya wuce mako biyu zuwa uku bai warke ba bayan an daina sa haƙoran, ko wani fari ko jan tabo da ya ƙi tafiya, a nuna wa likita, musamman ga mai shan sigari ko mai sa taba gari a baki, don a tabbatar ba sankarar baki ba ce.