Tarihin ƴar na'urar awon sukari, da abin da ya haɗa ta da ruwan Tibiri

Hausawa na cewa ido ba mudu ba, amma ya san kima. Gaskiya ne a kasuwar hatsi. Amma ido bai san kimar sukarin da ke cikin jini ba, bai kuma san kimar gubar da ke cikin ruwa mai kyan gani ba. Tarihinmu na yau na wani malamin jami'a ne da ya ƙare rayuwarsa wajen ƙera ma irin waɗannan abubuwa mudu.

Duk mai ciwon sukari a gidansu ya san ƴar na'urar nan da ake soka yatsa, a ɗiga jini bisa ƴar takarda, cikin daƙiƙoƙi lamba ta fito. Asalinta yana wajen wani Ba'amurke mai suna Leland Clark. An haife shi a 1918 a garin Rochester na jihar New York. Ya karanta shimi, wato ilimin sinadarai, a kwalejin Antioch da ke jihar Ohio, ya samu doktora a jami'ar Rochester a 1944, sannan ya koma Ohio yana bincike a wata cibiya mai suna Fels.

Ba da ciwon sukari ya fara ba. Wajen 1950 abin da ya dame shi shi ne aikin zuciya. Idan lokotoro zai buɗe zuciyar mutum, dole a samu injin da zai riƙe aikin zuciya da huhu na ɗan lokaci, ya riƙa sa ma jini iskar oksijan. Clark ya ƙera irin wannan inji, sai aka tare shi da tambaya: oksijan nawa ke cikin jinin da ke fitowa daga injin naka? Babu abin aunawa nan take. Akwai waya ta ƙarfen pilatin da ake tsomawa cikin ruwa don wannan awo, amma da zarar an sa ta cikin jini sai abubuwan da ke cikin jinin su lulluɓe ta, ta daina aiki.

Dabarar da ya fito da ita a 1956 mai sauƙi ce. Ya sa wayar pilatin da wayar azurfa cikin ɗan ruwan gishiri, ya rufe bakin da wata leda siririya. Jini ba ya ratsa ledar, oksijan kaɗai ke wucewa. Idan ta isa ga pilatin sai ɗan kuran ya gudana, kuma ƙarfin kuran ɗin daidai yake da yawan oksijan. Ke nan a karon farko likita na iya karanta numfashin jini kamar yadda ake karanta agogo. Har gobe da sunan Clark ake kiran wannan na'ura.

A 1958 ya koma jami'ar Alabama. Can ne a 1962, shi da wani likitan fiɗa mai suna Champ Lyons, suka ƙara taki guda. Akwai wani sinadarin halitta, irin waɗanda ake kira anzim, wanda aikinsa shi ne cin sukari, kuma ba ya cin sukarin sai da oksijan. Suka ce a ɗaure wannan anzim a bakin na'urar. In sukari ya yi yawa a jini, anzim zai cinye oksijan da yawa, kuran ya ragu, a gane adadin sukarin daga raguwar. Haɗa abin halitta da abin lantarki wuri guda, shi ne abin da masu Faransanci ke kira biyokaptar. Wani abin sha'awa, anzim ɗin ana samo shi ne daga baƙin fumfunar nan da ke kama albasa in ta ji danshi a ajiya. Sunanta na kimiyya Aspergillus niger. Ba ruwanta da ƙasarmu fa, da Latin kalmar na nufin baƙi.

To kar ku ɗauka washegari na'ura ta shiga kasuwa. Sai a 1975 wani kamfanin Ohio, Yellow Springs Instrument, ya fitar da injin awon sukari bisa dabarar Clark, shi ma babba ne na ajiyewa kan tebur a laboratuwar. Sai da masu bincike na jami'o'in Oxford da Cranfield a Ingila, cikinsu har da Allen Hill da Anthony Turner, suka samo wani sinadari da ke ɗauko kuran kai tsaye daga anzim, kana aka iya ƙanƙanta abin. A 1987 aka fitar da ExacTech, mai siffar biro, wadda marar lafiya zai sa a aljihu. Daga 1962 zuwa 1987 shekara 25 ke nan. A 1996 kamfanin Abbott ya sayi kamfanin da ya ƙera ta kan kuɗi sama da dalar Amurka miliyan 800. Shi ko Clark ya ci gaba da bincikensa a asibitin yara na Cincinnati tun daga 1968, ya rasu a 2005.

Iccen da ya dasa ya yi rassa. Reshe guda ya nufi muhalli. A 1977 wani malamin Japan, Isao Karube, ya ɗora ƙwayoyin halitta masu rai a bakin na'urar Clark. In ruwa na da dauɗa, ƙwayoyin za su ci, su shaƙi oksijan da yawa, na'ura ta nuna. Awon ƙazantar ruwa da ke ɗaukar kwana 5 ya koma na mintoci.

Wani reshen ya haɗu da fasahar nano, wato aiki da abubuwa ƙanana ƙwarai. Nanomita guda kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita, kaurin silin gashi ya kai kamar nanomita 80.000. Zinariya in an mai da ta ƴan ƙwayoyi na kusan nanomita 40 takan bar launinta ta koma ja. Jan layin nan da muke gani a gwajin TDR na palu a CSI ɗinmu, a mafi yawan gwaje-gwajen, irin wannan zinariya ce ta taru wuri guda bayan ta kama alamar cutar. Tun 2010 hukumar OMS ta ce a yi gwaji kafin a ba da maganin palu, kuma wannan ɗan layi ne ya sa abin ya yiwu har a ƙauyen da babu lantarki.

Yanzu mu dawo gida, don a nan maganar take ciwo. A Tibirin Gobir, dab da Maraɗi, an buɗe wani foraj a 1985. Ruwa garau, ba wari, ba ɗaci. Ashe sinadarin fuluwor da ke cikinsa ya ninka ƙa'idar OMS, wato miligiram 1,5 a lita, har sau uku zuwa huɗu. An shekara kusan 15 ana sha. Haƙoran dubban yara suka rine, ɗaruruwa ƙasusuwansu suka lanƙwashe. A 2002 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta FIDH ta fitar da rahoto kan lamarin. Abin baƙin cikin shi ne, tun 1966 wasu masana biyu a Amurka, Frant da Ross, suka ƙera na'urar auna fuluwor a ruwa, shekara 19 kafin a buɗe wancan foraj. Mudun yana nan a duniya, yaran Tibiri ne bai yi ma rana ba.

Yau jikokin dabarar Clark sun kai ga wannan matsala. Masu bincike na jami'ar Northwestern a Amurka sun ɗauko wani ɓangare na ƙwayar bakteriya da ke gane fuluwor, suka busar da shi cikin ɗan kwalba. A ɗiga ruwa, in fuluwor ya wuce kima launi ya koma rawaya. Sun kai shi yankin Nakuru na Kenya, mutanen gari da kansu suka gwada ruwan gidajensu, aka buga sakamakon a 2023.

Me muka koya? Irin wannan aiki ba ya nuna da wuri. Malami na iya shekara 20 bisa tambaya guda kafin talaka ya ga amfaninta, shi ya sa a wajenmu ake ma mai doktora a shimi kallon wanda ya ɓata lokaci, a ce da ma ya shiga duwan ko kasuwa. Amma ruwan forajinmu, da maganin ƙwarin da ake fesa ma kayan garka, da gyaɗar da ke fumfuna a rumbu, duk awo suke jira, kuma ba wanda zai damu da su kamar ɗan gida. Muna da jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, da Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi, da André Salifou a Damagaram, da Djibo Hamani a Tawa. Iyaye, in yaro ko yarinya ta ci bak ta ce bincike take so, a ba ta ƙarfi. Hukumomi, a sa ma laboratuwar kayan aiki. Mu kuma, duk ranar da aka zo buɗe sabon foraj a garinmu, kafin guɗa da tafi, mu tambayi magajin gari takardar awon ruwan.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Sai mun haɗu a tarihi na gaba.