Sauya kwanbata a tsohuwar a-kori-kura mai giyar otomatik

Kwanbata wata na'ura ce mai siffar ƙwarya da ke zaune tsakanin inji da giya a motar otomatik. Ita ce madadin kuloci, kuma da man giya take miƙa ƙarfin inji. Asalinta ƙirƙirar wani injiniya Bajamushe ne, Hermann Föttinger, a 1905.

Tsofaffin Hilux masu giyar A340 ta kamfanin Aisin suna jure wahala, amma jigilar buhunan hatsi daga ƙauyukan Kankiya da Kusada, irin su Dudunni, kan ƙona man giya. Alamar lalacewa ita ce karkarwa a kan tafiya, ko inji ya yi ta ƙugi mota ba ta ja.

Mai sayen wata a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, sabuwa ko ta hannu, gara ya tafi da tsohuwar a gwada. Ta injin dizal daban take da ta fetur, ko da sun yi kama.

Wurin ɗaurawa aka fi yin asara. Ana fara zuba mata mai kamar lita 1, sannan a tura ta cikin giya ana juyawa har ta faɗa mazauninta sau biyu ko uku. Idan ba ta zauna ba bakanike ya ja giya da ƙarfin kusoshi, famfon mai zai fashe da an tayar da mota. Dole kuma a wanke bututun da ke sanyaya mai, domin garin ƙarfen tsohuwar yana nan ciki.