Daga Turkuɗi Zuwa Gwanjo: Tarihin Suturar Yara a Garuruwan Yuraniyom

Duk lokacin da aka ambaci Arlit, maganar da ke biyo baya ita ce yuraniyom: tan nawa aka haƙo, nawa Faransa ta biya, wa ya ci riba, wa ya sha ƙura. Da wuya ka ji an tambayi abin da yaran garin ke sawa a jikinsu. Ni kuwa aikina tsayuwa gaban aji, kuma shekarun da na yi ina karantarwa a nan arewa sun nuna mini cewa rigar yaro tana ba da labarin gidansu tun kafin ya buɗe baki. Daga ita za ka gane ko uba yana da aiki, ko an sallame shi, ko ya tafi neman zinariya bai aiko ba tukuna. Shi ya sa nake son mu bi tarihin wannan yanki ta hanyar suturar yaransa, har mu kai ga wasu riguna da aka ɗinka domin dusar ƙanƙarar Suwidin amma suka ƙare a bakin Sahara.

Kafin a haƙa rami

Arlit yaro ne a cikin garuruwa, don a 1969 aka kafa shi. Kafin nan wurin kiwon Abzinawa ne, kuma suturarsu daga kudu take zuwa. Ayarin raƙuma kan tashi daga Abzin wajen watan Oktoba zuwa Bilma, ya ɗauko kantun gishiri da dabino, ya gangara ƙasar Hausa, ya komo da gero da tufafi. Turkuɗin nan mai ƙyalli da ke rina fatar mai shi, a Kura ta kusa da Kano ake rina shi a buga. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya shiga Agadas a Oktoban 1850 ya kuma isa Kano a farkon 1851, ya ƙiyasta cewa tufafin da Kano ke fitarwa a shekara sun kai na wuri miliyan 300.

Yaro a wancan zamani ba ya da kaya da yawa. Taguwa ce mai faɗi, da laya a wuya, da takalmin fata idan an samu. Faɗin nan yana da dalili biyu: iska tana ratsawa a lokacin bazara, kuma yaro yana girma a cikin rigar shekara biyu ko uku kafin a miƙa wa ƙanensa. Namiji a wajen Abzinawa ba ya naɗa rawani da amawali sai ya balaga, kuma ranar naɗin ranar biki ce. A ƙasar Hausa ma haka tsarin yake. Babbar rigar uba idan ta gaji, tela ya yanka ta ya fitar da 'yar shara biyu. Zanen uwa ya koma zanen goyo, daga nan ya zama majanyi, ya zama gammo, ya ƙare a tsumma. Babu abin da ake yarwa, don kowane ƙyalle sai da aka noma audugarsa, aka kaɗa, aka saƙa, aka rina, sannan raƙumi ya yi makonni yana ɗauke da shi.

Zamanin kanti da albashi

An kafa kamfanin SOMAÏR a 1968, ya fara fitar da yuraniyom a 1971. COMINAK ya biyo baya a 1974, ya fara aiki a 1978, aka gina garin Akokan dominsa. Tashin farashin man fetur na 1973 ya sa Turai ta koma ga wutar nukiliya, kuɗi suka shigo Nijar, har a ƙarshen shekarun 1970 yuraniyom ya zarce kashi biyu cikin uku na abin da ƙasar ke sayarwa a waje. Aka shimfiɗa kwalta daga Tawa zuwa Arlit ta Agadas, gawayin Anu Araren ya fara ba da wuta a 1981. A lokacin ne aka laƙaba wa garin sunan Paris ta biyu, sunan da Idrissou Mora-Kpai ya sa wa fim ɗinsa a kan Arlit.

A unguwannin ma'aikata akwai ruwan famfo da wuta da asibiti da kantin kamfani. Nan ne 'yan kanti suka shiga rayuwar yara: gajeren wando, riga mai maɓalli, safa, takalmi sau ciki, rigar sanyi mai zif. Ɗan da kakansa ya yi ƙuruciya da taguwa ɗaya ya wayi gari da kayan lakwal daban, na wasa daban, na Sallah daban. Sai dai ba kowa ne ya shiga wannan inuwa ba. Farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 ya karkashe dabbobi, makiyaya da masu neman aiki suka yi ta kwarara, suka kafa unguwar Bukkoki a gefen gari da kara da kwali da tsofaffin gwangwanaye. Tun daga lokacin aji ɗaya yake haɗa ɗan babban ma'aikaci da ɗan lebura da ɗan Bukkoki, kuma sutura ce ke fara rarrabe su.

Akwai wata sutura a wancan zamani da ta shafi yara ko da yake ba tasu ba ce, wato kayan aikin uba. Tsofaffin ma'aikata sun sha faɗa wa masu bincike cewa a shekarun farko da kayan aikinsu suke komawa gida, matansu su wanke. Duk wanda ya san gida ya san sauran labarin: yaro ya ruga ya rungume baba a bakin ƙofa, kwano ɗaya ake wanki, igiya ɗaya ake shanya. Ƙurar dutsen yuraniyom kuwa illarta ba ta fitowa a rana ɗaya, sai bayan shekaru da shaƙa. A Disamban 2003 cibiyar CRIIRAD ta Faransa ta zo bisa gayyatar ƙungiyar Aghirin'man ta Almoustapha Alhacen, ta gano ƙarafan da suka fito daga ma'adinai masu ɗauke da tururin guba ana sayar da su a kasuwa, alhali da irin waɗannan ƙarafa maƙera ke yin kayan gida. A Nuwamban 2009 Greenpeace ta auna wasu titunan Akokan ta samu awon ya wuce ƙima nesa ba kusa ba, daga baya kamfanin Areva ya kwashe duwatsun wuraren. Amina Weira, 'yar tsohon ma'aikaci, ta mayar da wannan damuwa fim a 2016.

Shigowar dila

Tun farkon shekarun 1980 farashin yuraniyom ya fara faɗuwa, aka yi ta rage ma'aikata. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, duk abin da ke zuwa daga Turai ya ninka kuɗi a dare ɗaya. Masaƙun da za su cike gurbin su ma suna kan hanyar durƙushewa. Masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957 ta rufe a farkon shekarun 2000. Abin da ya rufa wa talaka asiri shi ne gwanjo, wanda wasu a Nijar ke kira bosho. Diloli suna sauka a tashoshin ruwan Kwatano da Lome, manyan motoci su yi ta hawa da su har bakin hamada.

Idan an buɗe dilar kayan yara a watan Nuwamba, a kan ci karo da riguna masu ratsi-ratsi da kayan sanyi masu kauri daga Suwidin da Norwe da Danmak. A waɗannan ƙasashe ƙungiyoyin agaji irin su Myrorna da Fretex da UFF suna tara tsofaffin kaya, su sayar da kaɗan a gida, mafi yawa a fitar waje a tantance, wani kaso ya iso Afirka. Na taɓa duba wuyan rigar sanyin wata ɗalibata na ga an bar layi uku na rubuta suna, biyu a cike da sunayen yaran Turawa. Ita ce ta uku, ko da yake wanda ya ɗinka bai san da Arlit a duniya ba.

Wannan layi uku yana da tarihi. A 1976 kamfanin Polarn O. Pyret na Suwidin ya fitar da rigunan auduga masu ratsi, zanen Gunila Axén, waɗanda mace da namiji duk za su iya sawa. Manufar da kamfanin ke shela ita ce kowace riga ta yi wa aƙalla yara uku amfani. Abin ya zo daidai da sauyin da iyali ke yi a can. A 1974 Suwidin ta zama ƙasar farko da ta ba uwa da uba hutun haihuwa mai albashi su raba tsakaninsu, wanda yanzu ya kai kwana 480. Mata suka fita aiki, yara suka cika gidajen raino, kuma a gidajen rainon nan kullum sai an fitar da su wasa waje, ko ana ruwa ko ana ƙanƙara. Suna ma da karin magana mai nufin cewa laifin ba na yanayi ba ne, na suturar da aka sa ne. Don haka kayan yaro dole su jure birgima da wanki, su kasance masu sauƙin sawa da cirewa ga ɗan shekara uku. Tsarinsu na sanyi hawa-hawa ne: ta ciki mai shan zufa, ta tsakiya mai riƙe ɗumi, ta waje mai tare iska.

Mai karatu zai ga cewa riga mai faɗi da ke wucewa daga wa zuwa ƙane ba baƙon abu ba ne a wajenmu. Abin da kakanninmu suka yi saboda tsadar ƙyalle, shi Turawan arewa suka komo suna yi da gangan bayan sun yi arziki.

Imuraren da abin da ya biyo baya

An gano yuraniyom ɗin Imuraren a 1966, kimanin kilomita 80 kudu da Arlit, kuma ana ƙiyasta shi da tan 200,000. A 2009 Areva ta samu izinin haƙa, Shugaba Tandja Mamadu ya aza harsashi, aka yi alkawarin tan 5,000 a shekara. Matasa suka yi tururuwa, wasu suka yi aure a kan wannan fata. Sai haɗarin Fukushima na Maris 2011 ya karya farashi, a 2014 aka jingine aikin, aka sallami ma'aikata. Ranar 31 ga Maris 2021 COMINAK ya rufe, ma'aikata kimanin 600 da ɗaruruwan 'yan kwangila suka rasa abin yi, aka bar tarin dusar ma'adinai na kusan tan miliyan 20 a kusa da Akokan. A Yunin 2024 gwamnati ta janye izinin Imuraren daga hannun Orano, sabon sunan Areva.

Duk waɗannan ranaku na gan su a cikin aji. Yaron da bara ya zo da sabuwar rigar sanyi, bana ya zo da ita hannayenta sun tsaya a gwiwar hannu. A Disamba da Janairu sanyin asuba yakan sauka ƙasa da digiri 10, ga iskar hunturu ɗauke da rairayi. Ƙarfe takwas ta yi, kujeru da dama babu kowa, sai rana ta ɗaga a fara shigowa ɗaya-ɗaya. Darasin farko kuwa shi ne karatu ko lissafi. Yaron da ya rasa awa guda kullum tsawon wata biyu, a jarrabawa ake ganin ramin, sai a ce ba ya da ƙoƙari, alhali riga ce ba ya da ita.

Abin da za mu ɗauka

Na farko, lambar da ke wuyan kayan Turawan arewa tsawon yaro ce da santimita. 110 ta ɗan shekara biyar ce, 122 ta ɗan bakwai, 140 ta ɗan goma. Uwa ta auna ɗanta da zare kafin ta tafi kasuwa, ta ɗauki wadda ta ɗara kaɗan a naɗe hannu, sai ta yi hunturu biyu.

Na biyu, ba duk abin da ya fito daga dila ne ya dace da mu ba. Rigar ƙanƙarar nan mai haɗe da wando an yi ta ne don ƙasar da sanyi ke wuni. A nan kafin azahar rana ta yi zafi, yaro ya jiƙe da zufa a cikin leda, ƙuraje su feso. Tsarin hawa-hawa shi ya fi mana: singileti ta auduga, rigar ulu, sannan mai tare iska, yana cirewa ɗaya bayan ɗaya. A haɗa da hula da safa, kuma duk kayan gwanjo a wanke a shanya a rana kafin a sa.

Na uku, darasin kayan aiki bai tsufa ba. Iyaye da yawa yanzu suna wuraren haƙar zinariya na Cibarakaten da Jado, inda ake aiki cikin ƙura da sinadarai masu guba. Kayan da aka yi aiki da su kada su kwana ɗaki ɗaya da yara, kada su shiga kwanon wanki ɗaya da nasu. Rigakafi ya fi magani.

Na huɗu, mu sake duba lissafin Sallah. Magidanci yakan ci bashi ya ɗinka wa yaro shadda ta kwana uku, hunturu ya zo babu rigar sanyi. Ba na cewa a hana yara ado, amma a raba kuɗin gida biyu.

Na ƙarshe ga 'yan uwana malamai da ƙungiyoyin iyayen yara: akwati ɗaya a ofishin darakta ya isa. Duk gidan da yaro ya fi ƙarfin rigar sanyinsa a kawo ta a watan Maris, a wanke a adana, a raba a Nuwamba cikin sirri, ba a gaban aji ba, don kada a kunyata kowa. Wannan ba ya jiran farashin yuraniyom ya tashi, ba ya jiran a buɗe Imuraren.

Allah Ya raya mana zuri'a, Ya rufa mana asiri duniya da lahira.